KOTSO DA KWAMFUTA A ZAURE ƊAYA

Duk wanda ya halarci bikin aure ko na suna cikin 'yan shekarun nan a Birnin Kebbi ko Argungu, ko kuwa a garuruwan da ke bakin fadamar Rima kamar Zauro da Ambursa, ya ga wani sabon abu da iyayenmu ba su saba gani ba. Da, in biki ya zo, mai gida yakan aika wa makaɗa goro, su zo su huɗu ko su biyar da kayansu a rataye. Yanzu kuwa sau da yawa sai a ga yaro ɗaya ya sauko daga babur da lasifika biyu da janareto da wayar hannu, ya haɗa wayoyi, kiɗa ya tashi. Mai biki ya sami sauƙin kuɗi, matasa sun sami rawa, amma makaɗin kalangu yana gida, ɗansa kuwa ya ga sana'ar ba ta ciyarwa, ya nemi wata.

Saboda haka mutane da yawa, har da waɗansu malamai 'yan'uwanmu, sun ɗauka inji da makaɗi kishiyoyi ne, dole ɗaya ya fita ɗaya ya zauna. Mu da aikinmu ya shafi horon malaman makaranta muna ganin maganar ba ta ƙare a nan ba. Akwai wani irin kiɗa da aka fi shekara saba'in ana gyara shi a waɗansu ƙasashe, inda makaɗa kaɗan ke zama a ɗaki ɗaya da kayan kiɗansu na itace da fata da tsirkiya, ga kwamfuta a gefe tana saurarensu tana amsa musu. Muna so mu ba masu karatu labarinsa, mu nuna yadda yake aiki, sa'an nan mu duba ko yana da wani amfani ga ƙasar Kabi.

Abin da ake nufi da kiɗan zaure

A ƙasashen Turai kiɗan da ake rubutawa a takarda iri biyu ne. Akwai na babban taro, inda makaɗa tamanin ko ɗari ke zama a gaban shugaba ɗaya mai sanda, shi ke nuna musu inda za su tashi da inda za su tsaya. Akwai kuma na ɗaki, wanda muka ga ya dace mu kira shi kiɗan zaure, gama asalinsa a ɗakunan manyan gidaje ake yinsa domin mutane kaɗan. A cikin wannan makaɗa ba su cika wuce tara ko goma ba, kowa da nasa rabon da ba wanda ke taya shi, kuma ba mai sanda. Wanda ya fi shahara shi ne na goge huɗu, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba, wanda wani mutumin Ostiriya mai suna Joseph Haydn, da ya rasu a 1809, ya kafa masa tsari. Tun da ba shugaba a gabansu, abin da ke riƙe su shi ne kunne. Kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, in ɗaya ya ja, sauran su ja tare da shi.

Wanda ya san kiɗan fada na ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotsonsu, Salihu Jankiɗi da taushinsa, Aliyu Ɗandawo da ya yi wa Sarkin Kabi waƙa a Argungu kafin ya koma Yawuri, dukansu da ƙaramar ƙungiya suka yi aiki. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe shi tun bai sauke ba, wani lokaci su yi masa ƙari, sa'an nan a koma gindin waƙa. Ba takarda a gabansu, kuma jagora yana iya tsawaita ɗa ko ya gajarta shi bisa ga yadda ya ga fuskar sarki. In bako ya shigo zaure, nan take a sa shi cikin waƙa, masu kiɗa su bi ba tare da an gaya musu ba. Watau mu ma muna da kiɗan zaure, kuma saurare ne ginshiƙinsa.

Yadda inji ya fara shiga

Abin da zai ba masu karatu sha'awa shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki ɗan Afirka ne. A shekarar 1944 wani ɗalibi a Alkahira, Halim El-Dabh, ya ari wata rikoda mai naɗar sauti a kan siririyar waya daga wani gidan rediyo. Ya je ya naɗi muryoyin mata a wurin wasan zar, wanda ya yi kama da namu bori, ya dawo da su ɗakin injuna, ya ƙara musu amsa-kuwwa, ya rage waɗansu sassan sautin, har abin ya zama wani kiɗa dabam. Bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa a Paris ya yi irin wannan da ƙarar jiragen ƙasa da ya naɗa a faifai.

Waɗannan duka a ɗakin injuna aka gama su, mai sauraro ba ya ganin kowa sai lasifika. Ba a daɗe ba masu tsara kiɗa suka ga mutane ba su jin daɗin zama suna kallon akwati. Sai suka ce bari a haɗa mutum da inji a gaban jama'a. A 1952 wani ɗan Italiya, Bruno Maderna, ya tsara kiɗa na sarewa tare da sautin da aka naɗa a tef. A 1960 a birnin Kolon na Jamus, Karlheinz Stockhausen ya fito da wani aiki mai suna Kontakte, inda mai fiyano da mai ganguna ke kiɗa, sautin lantarki kuwa yana fitowa daga kusurwa huɗu na ɗakin yana kewaya masu sauraro. A Amurka kuma Mario Davidovsky, haifaffen Ajantina, ya yi jerin irin waɗannan, na shida a cikinsu, na fiyano da tef, ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1971.

Amma fa akwai cikas ɗaya babba. Tef ba ya jira. In an kunna shi, gudunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko makaɗi ya yi tuntuɓe, ko ya ga dacewar ya ɗan ja numfashi. Saboda haka makaɗin ya zama bara, yana bin inji da agogo a gabansa. Ku kwatanta da jagoran da 'yan amshinsa kurame ne, suna rera abin da suka haddace ko ya kai wurin ko bai kai ba. An sami sabon sauti, amma an rasa sauraren juna, wanda shi ne abin da ya mai da kiɗan zaure kiɗan zaure.

Injin da ke saurare

Hanya ta farko da aka bi don gyara wannan ita ce a daina naɗar sauti tun da wuri, a riƙa sarrafa wanda makaɗi ke yi a lokacin da yake yinsa. A 1964 Stockhausen ya tsara wani aiki na mutum shida da babban faranti ɗaya na tagulla. Biyu suna bugunsa suna gogarsa, biyu suna yawo da makirufo a jikinsa kamar yadda likita ke sa abin aunawa a ƙirjin majinyaci, biyu kuma suna zaune a cikin jama'a suna murɗa na'ura suna sāke sautin. A nan mai riƙe da inji ya zama makaɗi shi ma, dole ya kasa kunne.

Hanya ta biyu ta zo da kwamfuta. Tun 1957 Max Mathews ya sa kwamfuta ta fitar da sautin kiɗa a Amurka, amma a lokacin sai a yi awoyi ana jira kafin ta lissafa abin da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Sai da aka buɗe cibiyar binciken kiɗa da sauti ta IRCAM a Paris a 1977, ƙarƙashin Pierre Boulez, aka ƙera injin da ke lissafi da sauri har ya iya tafiya tare da makaɗi. A 1981 Boulez ya gabatar da Répons, wanda ma'anar sunansa ta yi kusa da amshi. Makaɗa ashirin da huɗu suna tsakiyar ɗaki, shida suna kewaye da jama'a, duk abin da shidan nan suka kaɗa inji ya karɓe shi, ya ninka shi, ya watsa shi ta lasifikoki. A 1987 kuma Philippe Manoury ya yi Jupiter, na sarewa ɗaya da kwamfuta, inda kwamfutar ke bin mai sarewa a cikin takardar kiɗa. In ya yi sauri ta yi sauri, in ya tsaya ta jira shi.

Ga yadda abin ke tafiya a taƙaice. Makirufo yana mai da motsin iska ya zama motsin lantarki. Wata ƙaramar na'ura tana auna wannan motsi sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, a faifan CD sau 44,100 ne, ta mai da shi lambobi. Daga lambobin nan kwamfuta tana gane tsayin sauti, da ƙarfinsa, da lokacin da aka buga. Sa'an nan ta yi abin da aka umurce ta. Tana iya riƙe bugu ɗaya ta maimaita shi bayan an ɗan jima. Tana iya ɗaga muryar goge ko ta saukar da ita, goge ɗaya ya zama kamar uku. Tana iya jan sauti ya yi tsawo kamar zare. Dukan wannan tilas ya auku cikin ƙiftawar ido, gama in jinkiri ya wuce wajen kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa, mai ganga zai ji hannunsa da kunnensa sun rabu.

Wani Ba'amurke baƙar fata, George Lewis, mai busa ƙahon ƙarfe, ya ƙara gaba. A shekarun 1980 ya shirya wata manhaja mai suna Voyager wadda ba ta da takardar kiɗa ko kaɗan. Tana jin abin da makaɗi ya yi, ta ƙago nata jawabin, wani lokaci ta bi shi, wani lokaci ta saɓa masa. Wannan ya fi kusa da halin makaɗanmu, waɗanda ba su dogara ga rubutu ba.

Abin da ya faru a namu ɓangaren

Mu nan inji ya fara zuwa mana ne ta garmaho da rediyo. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya naɗi manyan makaɗa da yawa, shi ya sa har yau muna jin muryar Mamman Shata ko da yake ya rasu tun 1999. A nan inji ma'aji ne kawai, bai sa hannu cikin kiɗa ba.

A Jamhuriyar Nijar aka fara ganin wani abu dabam. Mamman Sani, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa kaɗa karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye da shi. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa na Yamai. Kwafin da aka buga kaɗan ne ƙwarai, amma rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har mutane suka san shi ba su san mai shi ba. A 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sāke buga shi, daga nan aka fara gayyatarsa Turai.

A Kano kuwa, a shekarun 1990, masu shirya finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke ɗauke da kwaikwayon sautin ganguna da sarewa da goge a cikinsa. Fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan salo ko'ina. Daga baya aka ƙara da manhajar Auto-Tune, wadda aka fito da ita a 1997, mai miƙe muryar mawaƙi ta dora ta daidai kan ma'aunin fiyano. Salon ya yi ƙarfi har wani Buzu mai garayar Turawa daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko, Anar, da irin wannan murya da gangar inji. Waƙoƙin suka bazu cikin Sahara daga waya zuwa waya.

Ba mu raina wannan aiki ba. Ya ba dubban matasa abinci, ya kai harshen Hausa wuraren da bai taɓa zuwa ba. Amma ku lura da bambancin. A ɗakunan naɗar waƙa na Kano da Sakkwato, galibi mutum ɗaya ne ke danna fiyano ya fitar da ganga da sarewa da goge duka, mawaƙi ya dora murya a kai. In an zo biki sai a kunna abin da aka riga aka naɗa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bi. Watau mun tsaya a matakin tef da ba ya jira, har ma mun sallami makaɗin da ya kamata ya tsaya kusa da shi.

Abin da fiyano bai iya faɗa ba

Wani zai ce, to, in sautin ganga ya fito, ina ruwanmu da hannun da ya buga? Amsar tana cikin harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya ta jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Haka kai na mutum da kai da ake nuna abokin magana. Kalangu an yi shi ne domin ya bi wannan hawa da sauka. Makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya saki, sauti ya sauko, kuma yana iya zamewa tsakanin biyun cikin bugu ɗaya. Da haka yake kiran taken mutum, mai taken ya ji daga nesa ya san da shi ake. Kotso ma haka, goge kuwa da tsirkiyarsa ta gashin doki ba shi da matakala, yatsa yana tsayawa duk inda kunne ya so.

Fiyano kuwa an raba masa sauti gida goma sha biyu daidai wa daida tsakanin murya da ninkinta, bisa ma'aunin Turai. Abin da ya faɗa tsakanin gida biyu ba shi da maɓalli. Kalangun da ke cikinsa hoton bugu ɗaya ne da aka ɗauka aka ajiye, kowane lokaci shi ne zai fito. Yana iya sa rawa, amma ba ya kiran taken kowa. Yaron da ya tashi da wannan kaɗai, kunnensa zai saba da gida goma sha biyu, ranar da ya ji gogen gaske sai ya ce bai daidaita ba.

Abin mamaki, masu tsara kiɗa na waje suna wahala suna neman abin nan da muke da shi. Steve Reich na Amurka, wanda ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ganga, ya yi wani aiki a 1988 mai suna Different Trains domin goge huɗu na ƙungiyar Kronos. Ya naɗi maganar tsofaffi, cikinsu har da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da waɗansu Yahudawa da suka tsira daga kisan da aka yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya saurari hawa da saukar kowace jimla, ya sa goge ya kwaikwaye ta. An yaba wa wannan aiki ƙwarai a duniya. Mahautan kowace kasuwa a ƙasar Hausa sun san makaɗin da ke yin haka da kalangu tun kakanninsu.

Saboda haka irin injin da ya dace da mu shi ne mai saurare. Kwamfutar da ke karɓar sauti ta makirufo ba ta tilasta wa kalangu ya shiga gida goma sha biyu. Abin da ta ji shi take mayarwa, da zamiyarsa da kaushinsa. In makaɗi ya kira take, tana iya riƙe shi ta amsa masa da shi a ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya dora wani a kai. Matsayinta matsayin ɗan amshi ne, jagoranci yana hannun mutum. In ba makaɗi a zauren, ba ta da abin faɗa.

Manoman Zauro za su gane wannan da sauri. Injin ban ruwa ya shigo fadama, ya ɗauke wa mutane wahalar jigo, ya sa ana noman shinkafa da rani. Amma ba wanda ya ce tun da inji ya zo a bar ajiye iri, ko a bar sanin lokacin dashe. Wanda ya san ƙasa shi ke gaya wa inji inda zai kai ruwa.

Abin da za a iya yi a ƙasar Kabi

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar kwamfutar hannu, ko tsohuwa ce, da makirufo biyu ko uku, da ƙaramar na'urar da ke haɗa su da kwamfuta, da lasifika biyu matsakaita. Manhajar Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a 1996 bayan ya yi aiki a IRCAM, kyauta ce, kowa yana iya saukar da ita daga intanet. Batir da farantin hasken rana sun fi janareto dacewa, gama makirufo ba ya zaɓe, ƙarar janareto ma zai ɗauka ya ninka ta.

Akwai wahaloli da ya kamata a sani tun da wuri. Na farko, in makirufo ya ji muryar lasifika, sai sautin ya riƙa kewayawa har ya zama kuwwa mai huda kunne, maganinta a sa lasifika a gaban makaɗa tana fuskantar jama'a, a kuma rage ƙarfi. Na biyu, kayanmu suna sauyawa da yanayi. Fatar ganga tana saki da damina, tana ɗaurewa da hunturu, saboda haka duk abin da aka daidaita jiya sai an sāke duba shi yau. Na uku, wannan kiɗa na zama ne da natsuwa. Ba zai yi a bakin Matan Fada ranar kamun kifi ba, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da goruna da homa, makaɗa suna bin su cikin kwalekwale. Wannan biki, da aka fara a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana da nasa kiɗan da ya dace da shi. Amma baƙin da ke zuwa dominsa suna kwana a gari, kuma da dare ana iya tara su a ɗaki su ji abin da ba su taɓa ji ba.

Wuraren gwaji kuwa muna da su. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, inda ake da ɗalibai masu sanin kwamfuta. Akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan ajiye kayan tarihi a 1958, inda ganguna ke ajiye. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tun 1989, daga cikinta ne ƙungiyar Mamar Kassey ta fito, wadda ta haɗa sarewar Fulani da molo da kalangu da garayar lantarki, ta zaga duniya. Wannan ya nuna tsohon kaya da sabo suna iya zama tare in aka ba kowanne girmansa.

Shawararmu ga malaman makaranta ita ce su fara da abu ƙarami. A gayyato makaɗi ɗaya na gari, mai kalangu ko mai goge, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane gwani. A haɗa shi da ɗalibai biyu ko uku. Kada a fara da nuna masa abin da inji ke iyawa. A fara da sa ɗaliban su saurare shi har su iya rarrabe take daga take. Sa'an nan a kunna na'ura ta riƙa mayar masa da bugunsa bayan daƙiƙa biyu, a bar shi ya yi wasa da ita. Shi zai faɗi wanda ya yi daɗi da wanda ya ɓata. A cikin darasi ɗaya yara za su koyi ilmin sauti da lissafi da karin harshensu, kuma za su ga malaminsu ya tashi ya ba makaɗi kujera.

Ga akawuna da masu rubuta takardun hukuma kuwa akwai nasu rabon. Da zarar an naɗi bugun makaɗi, ana iya kwafe shi sau dubu a sayar a inda bai sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kāre haƙƙin mai wasa da kuma fasahar gargajiya, amma yawancin makaɗanmu ba su san da ita ba. Duk sa'ad da za a naɗi wani, a rubuta yarjejeniya da Hausa, a karanta masa a gaban shaidu, a faɗi abin da za a yi da sautin da abin da zai samu, a ba shi kwafi. A kuma rubuta sunansa da garinsa da sunan wanda ya koya masa a jikin kowane faifai. Waɗanda suka yi nazarin kiɗanmu, kamar David Ames da Anthony King da suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, sun sami abin rubutawa ne domin sun tarar da masu sana'ar da rai suna yi.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Kwamfuta ta riga ta shigo, ba mai mayar da ita. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wurin da za mu zaunar da ita. In muka bar ta a kujerar jagora, nan da ƙarni ɗaya sai an je gidan tarihi kafin a ga kotso, kuma ba za a sami mai gaya wa yara abin da yake cewa ba. In muka koya mata amshi, ɗan makaɗi zai ga dalilin karɓar kalangun ubansa, ɗan makaranta kuma zai ga dalilin zama kusa da shi. Tsofaffin da suka san taken kowane gida a Argungu da Gwandu da Zauro suna nan tukuna, amma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da ya karanta wannan ya binciki makaɗan da suka rage a garinsa kafin ƙarshen wannan zango, ya rubuta sunayensu da irin kayan da suke kaɗawa, ya gayyaci ɗaya daga cikinsu zuwa aji.